Ƙusar da ta Faɗo a Grand Palais

A watan Agusta na 2024, ƴan Nijar da dama sun zauna gaban akwatin talabijin domin su kalli Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ɗan wasan taekwondo da ya kawo wa ƙasa lambar azurfa daga Rio a 2016, yana fafatawa a wasannin Olamfik na birnin Paris. Hankalin kowa yana kan fage, amma duk sa'ad da mai ɗaukar hoto ya ɗaga na'urarsa sama, sai wani abu dabam ya cika ido: bakunan ƙarfe masu launin kore-kore, sun tashi sun haɗu can bisa, suna ɗauke da rufin gilashi mai faɗin gaske. Wannan shi ne babban zauren Grand Palais, ginin da Faransa ta yi domin baje kolin duniya na 1900. Tsawon zauren ya kai mita 200, tsayinsa a ƙarƙashin tulluwa mita 45, kuma ƙarfen da ke cikinsa ya kai tan 6,000.

Jaridun Faransa sun yaba wa wannan rufi da waɗanda suka gyara shi, kuma yabon yana bisa hanya. Sai dai akwai lissafin da shagalin buɗewa ya rufe. Daga 1993 zuwa 2024, wato cikin shekara 31, zauren ya yi kusan shekara 15 a kulle. An rufe shi daga 1993 zuwa 2005, aka sake rufe shi daga 2021 zuwa 2024. Duk mai son ya yi wa aikin hukunci na adalci dole ya ɗora waɗannan shekaru a kan ma'auni tare da kyan da ido ya gani, domin kuwa babban gyara irin wannan biyan bashi ne, bashin ƙananan ayyukan da aka daɗe ana ɗagawa.

Rufin da ya zo da ƙarni na 19

Kafin ƙarni na 19, duk mai son rufe fili mai faɗi sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya cika wurin da ginshiƙai, ko ya yi haƙuri da duhu. Arahar ƙarfe da gilashi ce ta sauya wannan. A Ingila an soke harajin gilashi a 1845, masana'antu kuma suka soma fitar da ƙarfe da yawa, sai ga gine-gine da ba a taɓa ganin irinsu ba. Tsakanin 1844 da 1848, Decimus Burton da Richard Turner suka gina ɗakin renon itatuwan ƙasashe masu zafi a lambun Kew, kusa da Landan. A 1851 Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne, ya kafa Crystal Palace da fallen gilashi kusan 300,000. A 1868 William Henry Barlow ya rufe tashar jirgin ƙasa ta St Pancras da baka guda mai faɗin sama da mita 70, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A Paris kuma Victor Baltard ya soma gina rumfunan babbar kasuwar Les Halles a shekarun 1850. Grand Palais ya zo ne a ƙarshen wannan zango, shi ya sa maginansa, Henri Deglane da Albert Louvet da Albert Thomas ƙarƙashin jagorancin Charles Girault, suka lulluɓe ƙarfen da bangon dutse daga waje, suka bar shi a fili daga ciki.

Ƙarfen waɗannan gine-gine iri uku ne, kuma kowane da halinsa. Akwai ƙarfen zubi, wanda ake narkawa a zuba cikin mazubi. Yana ɗaukar nauyi idan an danna shi, amma idan aka ja shi ko aka buge shi sai ya tsage kamar tukunyar ƙasa, saboda haka da shi ake yin ginshiƙai da kayan ado. Akwai ƙarfen ƙira, wanda ake bugu ana murzawa har ya yi zare-zare a ciki. Yana jure ja da lanƙwasa, tsatsa kuma ba ta saurin cinye shi. Sa'an nan akwai tataccen ƙarfe na zamani, wanda ya yi araha bayan Henry Bessemer ya fito da dabarar tace shi a 1856. Ya fi sauran biyun ƙarfi, amma idan ruwa ya same shi tsirara yana saurin lalacewa. Mafi yawan gangar jikin Grand Palais da shi aka yi.

Abin da ke haɗa waɗannan ƙarafa kuwa ƙusa ce mai kai biyu. Ana gasa ta sai ta yi ja, a zura ta cikin hujin da ya ratsa farantan ƙarfe biyu, wani ya tokare kanta ta baya, wani ya yi ta bugun ɗaya ɓangaren har ya zama kai na biyu. Idan ta huce sai ta tsuke, ta matse farantan gam. Aiki ne na mutum huɗu: mai gasawa, mai miƙawa, mai tokarewa da mai bugu.

Yadda ruwa ke samun hanya

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rufin ƙarfe da gilashi, tsagar tana nan tun ranar da aka gama gini, domin rufin tarin dubban mahaɗai ne. Kowane fallen gilashi yana kwance a kan siraran sandunan ƙarfe, an liƙe gefensa da danƙon da masu sana'a ke kira mastik, wanda a da ake kwaɓawa da alli da man tsiro. Danƙon nan yana bushewa da shekaru, ya yi tauri, ya tsattsage. Ƙarfen kansa ba ya zama wuri guda: zafi yana miƙar da shi, sanyi yana tsuke shi. Sandar tataccen ƙarfe mai tsawon mita 200, idan zafi ya ƙaru da digiri 40, za ta ƙara tsawon kusan santimita 10. Gilashi ma yana miƙewa, amma ba daidai da ƙarfe ba, ƙarfen zubi kuma ba daidai da tataccen ƙarfe ba. Kowace shekara, rani da hunturu suna buɗe mahaɗai suna rufewa, har ruwa ya sami kafa.

Da ruwa ya shiga, sai tsatsa ta soma aikinta, kuma illarta ta wuce cin ƙarfe kawai. Tsatsa tana da girman jiki ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta cinye. Idan ta taru tsakanin farantai biyu sai ta ture su, ta fasa gilashin da ke kusa, ta matsa wa ƙusa har kanta ya ɓalle. Ruwan sama ba shi kaɗai ne abokin gaba ba. Numfashin jama'a, da tururin jiragen ƙasa na da, da laimar itatuwa a ɗakin reno, duk suna tashi su tarar da gilashi mai sanyi su koma raɓa, su gangara kan ƙarfe ta ciki. Paxton ya san haka, shi ya sa ya ƙera magudanar Crystal Palace da hanya ɗaya ta ruwan sama a bisa, da wasu ƙananan hanyoyi a gefe domin raɓar ciki. Bugu da ƙari, a gine-gine da yawa ginshiƙan ƙarfen zubi suna da rami a ciki, ta nan ruwan rufi ke sauka ƙasa. Idan ganye ko gashin tattabaru ya toshe ramin, ruwa ya kwanta, sanyin hunturu ya daskarar da shi, to ginshiƙin na iya tsagewa daga ciki ba wanda ya gani.

Maganin duk wannan sananne ne, kuma babu wata gwaninta mai ban mamaki a cikinsa: share magudana da indararo kafin lokacin ruwa, sauya fallen da ya fashe a makon da ya fashe, sabunta danƙo, kankare tsatsa tun tana ƙarama, da shafa fenti a kan kari. Fenti a nan shi ne fatar ƙarfe, ado kuwa ya biyo baya.

Shekaru casa'in da uku na ɗaukar kaya

Grand Palais ya yi aiki kamar jakin kasuwa. An yi baje kolin motoci a ciki tun 1901, da na jiragen sama tun 1909, ana rataya kaya masu nauyi a jikin bakunan da ba domin haka aka ƙera su ba. An yi shekaru ana wasan dawakai a zauren, ruwan da ke fita daga turɓayar fagen kuma ya ci gindin ƙarafa. A yaƙin duniya na farko ya zama asibitin soja. A watan Agusta na 1944, lokacin ƙwato Paris daga hannun Jamusawa, gobara ta kama shi. A farkon shekarun 1960, ministan al'adu André Malraux ya yi shawarar a kafa gidan tarihin ƙarni na 20 a wurin, bisa zanen Le Corbusier, abin da ke nufin rushe ginin. Rasuwar Le Corbusier a 1965 ce ta kashe maganar. Sai a 1975 aka sa zauren cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ginin baki ɗaya kuwa sai a 2000.

A ƙarƙashin ƙasa ma akwai wata ɓarna da ke tafiya a ɓoye. Ɓangaren ginin da ke kusa da kogin Seine yana zaune ne a kan dubban turakun itace da aka kafa cikin ƙasa mai laushi. Itace yana daɗewa matuƙar yana nutse cikin ruwa. Da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, kawunan turakun suka sha iska suka soma ruɓewa, sai wannan ɓangare ya riƙa nutsewa da santimita da dama, yana jan rufin yana karkatar da shi.

A watan Yuni na 1993, ana cikin wani baje koli, ƙusa ɗaya ta ɓalle ta faɗo daga tsayin mita 35. Allah ya kiyaye, ba ta zama ajalin kowa ba. A watan Nuwamba na wannan shekara, ministan al'adu Jacques Toubon ya ba da umurnin rufe zauren. Aikin gyara bai soma ba sai a 2001, bayan shekara takwas na bincike da neman kuɗi da muhawara kan makomar ginin, kuma ba a sake buɗe zauren ga jama'a ba sai a watan Satumba na 2005. Kuɗin da aka kashe ya haura Yuro miliyan 100, wato fiye da miliyar 65 na kuɗin sefa.

Abin da gyaran ya yi daidai

Aikin da Alain-Charles Perrot, babban masanin gine-ginen tarihi, ya jagoranta yana da abubuwa biyu da suka cancanci a koya daga gare su. Na farko shi ne tsarin fifiko. An soma da harsashi, aka tura siminti cikin ƙasa da ƙarfin matsi domin ya zama sababbin ginshiƙai a ƙarƙashin ginin, kafin a hau sama a taɓa rufi. Wannan kashi na aikin babu baƙon da zai taɓa ganinsa, ba ya fitowa a hoto, amma da an tsallake shi da duk abin da aka yi a bisa ya zama ɗinki a kan ruɓaɓɓen tsumma.

Na biyu shi ne yadda aka gano launin asali. Kafin gyara, ƙarfen ya koma toka-toka saboda fenti bisa fenti da ƙurar shekaru. Maimakon mai zanen gini ya zaɓi launin da ya kwanta masa a rai, sai aka cire wasu farantai da aka kafa tun lokacin gini, aka tarar da fentin farko a ƙarƙashinsu bai sauya ba. Aka kai samfuri ɗakin bincike, aka kuma duba tsofaffin takardun kamfanin Ripolin da ya sayar da fentin, sai aka tabbatar da wani kore mai haske da Faransawa ke kira da sunan furen reseda. An shafa kimanin tan 60 na wannan fenti. Hanyar da aka bi ita ce abin yabo, domin an bar ginin ya ba da shaida a kan kansa. Haka ma aka yi a St Pancras, inda gyaran da aka kammala a 2007 ya mayar wa bakunan Barlow shuɗi mai haske irin wanda suka taɓa ɗauka a ƙarni na 19.

Maganar gilashi

Inda sharhi ya fi wuya shi ne gilashi. Wanda aka tarar a rufin mai ragar waya ne a ciki, domin idan ya fashe kada ya zubo. An cire shi baki ɗaya, aka sa gilashin zamani mai ruɓi biyu da siririyar roba a tsakani. Hujjojin suna da ƙarfi: dokokin kare lafiyar jama'a na yau ba su amince da tsohon ba, sabon ya fi jure nauyi, kuma ma'aikata na iya hawa su yi aiki a bisa cikin aminci. Amma hasken zauren ya sauya. Gilashin da ake yi tun bayan da kamfanin Pilkington ya fito da sabuwar dabararsa a 1959 shimfiɗaɗɗe ne sumul, babu lanƙwasa babu tabo, haske yana ratsa shi kai tsaye. Na da yana karya haske, yana tausasa shi. Wanda ya shiga zauren a yau yana ganin sararin sama tangaran, abin da baƙon da ya shiga kafin 1993 bai gani ba.

Shin an yi asarar wani abu na asali? Akwai masu bin ra'ayin John Ruskin da William Morris, waɗanda tun ƙarni na 19 suka tsaya a kan cewa kayan da hannun magabata ya taɓa ba su da madadi, kuma maye gurbinsu da sabo yaudarar ido ce. Wannan ra'ayi yana da nauyi idan ana maganar sassaƙen dutse ko zanen bango. A rufin gilashi kuwa ba ya zama daram, domin tun farko an yi falle ne domin a sauya shi. Ƙanƙara tana fasa shi, yaƙi yana fasa shi, tsatsa tana fasa shi, kuma da wuya a sami rufi mai shekara ɗari da ya riƙe gilashinsa na farko. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne gangar ƙarfen, da siffar mahaɗanta, da girman falle, da sirantar sandunan da ke riƙe shi, da yanayin hasken da ke sauka. A huɗun farko gyaran Grand Palais ya yi ƙoƙari. A na biyar an zaɓi tsaro da haske mai yawa, kuma zaɓi ne da za a iya karewa, muddin ba a ce wa jama'a abin da suke gani shi ne ainihin abin da aka gani a da ba.

Lambun Kew ya fi nuna inda haɗarin yake. A gyaran 1984 zuwa 1988 an kwance ɗakin renon Burton da Turner gaba ɗaya, aka sake haɗa shi. Siraran sandunan ƙarfen ƙira da ke riƙe gilashi, masu tsawon kusan kilomita 16 idan an jera su, an maye gurbinsu da ƙarfe marar tsatsa mai siffa iri ɗaya, aka sa fallen gilashi 16,000 sababbi. Ido ba zai bambanta ba, amma kaso mai yawa na aikin Turner ya tafi. Kuma wannan shi ne babban gyara na biyu, domin an yi wani a shekarun 1950. A 2025 hukumar lambun ta sanar da shirin na uku, wanda aka ƙiyasta zai ci kimanin fam miliyan 60. Laimar da itatuwan ke buƙata ita ce ke cin ƙarfen, saboda haka ba za a ɗora wa sakaci dukan laifin ba. Duk da haka, kowane zagaye na babban gyara yana tafiya da wani kaso na kayan asali, kuma ginin da aka kwance sau uku ko huɗu zai wayi gari siffarsa ce kaɗai ta rage daga zamanin maginansa.

Kuɗin shagali da kuɗin tsintsiya

Takardar Venise ta 1964, wadda masu kula da gine-ginen tarihi a duniya suka ɗauka a matsayin ginshiƙi, ta sa kulawa ta dindindin a gaban kowane irin gyara. Kowa ya amince da wannan a baki, amma kasafin kuɗi yana tafiya da wata ƙa'ida dabam. Babban gyara yana da ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle, yana da allon da ake rubuta sunan minista da na attajirin da ya taimaka. Share magudana ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma idan aka yi shi da kyau sakamakonsa shi ne babu abin da zai faru. Saboda haka shi ne layin farko da ake sokewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Misalin da ya fi kusa yana tsallaken kogin Seine. Hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889 da ƙarfen ƙira tan 7,300, ana sake mata fenti kusan kowace shekara bakwai, da kimanin tan 60 a kowane karo, kuma Gustave Eiffel da kansa ya gargaɗi magadansa cewa tsawon ranta yana ga fenti. Tana da nata matsalolin, musamman tsohon fenti mai gubar dalma da ke wahalar da masu kankarewa, amma ba a taɓa kulle ta shekara goma sha biyu domin gyara ba. Bambancin shi ne hasumiyar tana da hukuma guda da ke tafiyar da ita, da kuɗin shiga daga baƙi, da lokacin fenti da kowa ya sani. Grand Palais kuwa ya daɗe a rabe tsakanin masu amfani da shi da yawa, kowa yana kula da ɗakinsa, rufin da ya lulluɓe su duka ya zama na kowa.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da za a iya cewa a ɗaya ɓangaren. Babu yawan fenti da zai hana turakun itace ruɓewa. Wannan ciwo sai babban aiki. Rufewar 2021 kuma, ƙarƙashin jagorancin François Chatillon, da kasafin da aka tsara na Yuro miliyan 466, ta shafi sassan da aikin farko bai kai gare su ba: hanyoyin shiga da fita, da matakan kariya daga gobara, da daɓen zauren, da ɗakunan da aka daɗe da toshewa. Sa'an nan duk wanda ya tuna makomar ƴan uwan wannan gini zai sassauta harshe. Galerie des Machines ta 1889 an rushe ta a 1910. Crystal Palace ya ƙone a 1936. Rumfunan Baltard, bayan kasuwa ta koma Rungis a 1969, an soma rusa su a 1971 alhali suna tsaye da ƙafafunsu, rumfa ɗaya ce aka kwance aka sake kafawa cikakkiya a Nogent-sur-Marne. Nadamar wannan rushewa ta taimaka wajen ceton tashar Orsay, wadda ta zama gidan tarihi a 1986. Gyara mai tsada da jinkiri ya fi wannan makoma nesa ba kusa ba. Sai dai hujjar tana kare masu gyara ne kawai, ba ta wanke waɗanda suka bar rufin yana yoyo har ƙusa ta faɗo.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kuɗi, wato ta hannu. Tun da walda ta maye gurbin ƙusa mai zafi a tsakiyar ƙarni na 20, masu iya bugunta suka yi ƙaranci. Ƙarfen ƙira an daina yin sa a masana'antu tun shekarun 1970, wanda ake samu yanzu tsoho ne da ake sake murzawa. Ƙarfen zubi kuma ba ya son walda, idan ya tsage sai a ɗinke shi a sanyi da ƙananan makullan ƙarfe, sana'ar da mutane ƙalilan suka iya. Aikin da ake yi sau ɗaya a shekara talatin ba ya riƙe maƙeri, ba ya tayar da almajiri. Kowane babban gyara yakan fara da neman waɗanda suka rage da horar da sababbi, idan an gama kuma su watse. Ƙaramin aiki na kowace shekara shi ne ke ba sana'a abinci har ta kai ga magada.

Abin da maginin ƙasa ya riga ya sani

Mai karatu a Damagaram ko Tawa ba ya zaune ƙarƙashin rufin gilashi, amma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a gare shi. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda ke tsakiyar tsohon garin da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, tana da itatuwa da suka fito daga jikinta daga ƙasa har bisa. Su ne matakan da magina ke takawa idan za a sabunta yaɓe. Wanda ya gina ta ya san ruwa zai ci jikinta, saboda haka ya bar wa na baya hanyar hawa a cikin ginin kansa. Yaɓen da ke jikinta a yau ba shi ne na ƙarnin da ya wuce ba, kuma ba wanda ya ce saboda haka hasumiyar ta zama jabu. Taron Nara na ƙasar Japan a 1994 ya kusanto da wannan fahimta, inda ya yarda cewa sahihancin gini yana iya kasancewa a siffa da sana'a da al'adar kula da shi, ban da kayan da aka gina shi da su. Fallen gilashi da danƙo da fenti a Paris suna matsayin yaɓe ne a Agadas: fata ce da ake sabuntawa domin ƙashi ya daɗe.

A watan Satumba na 2024, wata guda bayan wasannin Paris, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe cikin ruwan sama mai yawa da aka yi a daminar wannan shekara. Ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta da ke fafutukar kare irin waɗannan wurare sukan sa ransu ga ranar da wata hukuma ko wata ƙasar waje za ta kawo babban aikin gyara. Labarin Grand Palais ya nuna cewa ko a ƙasa mai arziki, tsakanin faɗuwar ƙusa da zuwan ma'aikata an yi shekara takwas, kuma ginin ƙasa ba ya iya jiran damina takwas. Abin da ke hannun ƙungiya ba ya buƙatar miliyar: littafi guda da ake rubuta halin kowane gini a cikinsa sau biyu a shekara, kafin ruwa da bayan ruwa, da sunan wanda alhakin indararo ke wuyansa, da ɗan kuɗin da aka ware wa magini tun kafin bango ya nuna tsaga.

Shi kuwa zauren da Alfaga ya fafata a ciki, an sake buɗe ginin ga jama'a a 2025. Hukuncin gyaransa na gaskiya zai fito ne nan da shekara ashirin ko talatin, daga takardun kasafin kowace shekara, inda za a ga ko an ci gaba da biyan waɗanda ke hawa rufin da tsintsiya da gwangwanin fenti.